Yabo Kaɗai Ba Ya Yin Gwani

Duk wanda ya saba shiga majami'unmu a arewacin ƙasar nan, daga Kafanchan har Numan, daga Zuru har Biu, ya san Allah bai hana 'ya'yanmu baiwa ba. Akwai yarinyar da in ta ɗaga murya cikin ƙungiyar mawaƙa sai tsigar jikinka ta tashi. Akwai yaron da ya koyi kaɗa jita da kansa, babu wanda ya taɓa nuna masa inda zai sa yatsa. Akwai mai zanen da yake rubuta allunan taro, yana yi wa makarantar Lahadi hotuna, ga kuma masu wasan kwaikwayon Kirsimeti da suke sa mu dariya da hawaye a zama ɗaya. To, amma a dawo bayan shekara goma a tambaya ina suke. Wasu sun watsar da abin gaba ɗaya. Wasu suna nan inda aka bar su, waƙarsu ta bana ita ce ta bara da aka sauya wa kalmomi. Kaɗan ne ƙwarai suka zama gwanayen da za su ci abinci da sana'ar, har su koya wa na baya.

In ka tambayi dalili, za a ce maka rashin kuɗi ne da rashin kayan aiki. Akwai gaskiya a ciki. Amma a ganina abin da ya fi yi wa yaran nan ƙaranci shi ne mai gyara. Mun iya yabo. Yaro ya gama waƙa, a tafa masa, a ce Allah ya ƙara basira, Lahadi mai zuwa a sake kiransa. Ya sa aikinsa a Facebook, abokai su yi ta zuba masa kirari. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa baiti na biyu bai faɗi kome ba, ko kuwa kiɗan ya danne muryar, ko hannun mutumin da ya zana ya fi ƙafarsa tsawo. Yabon gwani ya zama dole, haka ne. Amma yabon ɗan koyo ba tare da gyara ba, tauye shi ake yi.

Domin kada a ce ra'ayi ne kawai, bari mu duba yadda wasu sanannun masu fasaha na ƙasar nan suka kai inda suka kai.

Ka ɗauki takardar naira ashirin ka juya bayanta, za ka ga wata mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa a garin Kwali cikin ƙasar Gbagyi wajen shekarar 1925. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata babba daga cikin matan danginta, irin ginin da ake yi da hannu, ana zagaya tukunyar ana ɗora yumɓu. Ta ƙware har Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, ya riƙa ajiye tukwanenta a gidansa. A nan ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950. A shekarar 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce mace ta fari a wurin.

A lura, 'yan'uwa, wannan mace ta riga ta yi suna kafin ta shiga. Da ta ce ita ta wuce koyo, ba wanda zai ga laifinta. Duk da haka ta zauna ta koyi gini a kan faifan da ake juyawa, ta koyi shafa wa tukunya ruwan ƙyalli, ta koyi gashi cikin tanderu mai tsananin zafi. Shi kuma malamin, wanda shi kansa ya yi zaman koyo a hannun wani gwani mai suna Bernard Leach a Ingila tun daga shekarar 1923, bai raina abin da ta zo da shi daga gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tukwanen ruwa da hannu kamar yadda aka koya mata, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da kifi, sa'an nan a gasa su da sabuwar dabara. An baje kolin aikinta a Landan a shekarun 1958 da 1959 da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta a shekarar 1977. Ta rasu a Minna a shekarar 1984, bayan wasu mata sun biyo sahunta zuwa wannan makaranta.

Akwai wani abu a labarinta da ya kamata duk mai koyarwa ya yi tunani a kai. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsattsafowa kaɗan kaɗan, iska tana bugunsa. Da aka shafa wa tukwanen Ladi ruwan ƙyalli aka gasa su suka yi tauri kamar dutse, sai suka yi nauyi, suka kuma daina tsattsafowa. Sun ƙara kyau da daraja, amma sun tashi daga kayan ɗakin mace sun koma kayan kallo. Wannan bai rage mata kome ba. Yana dai nuna mana cewa kowace sabuwar dabara tana ba da wani abu, tana karɓe wani. Ɗan koyon da aka hore shi da kyau yakan san abin da ya samu, ya kuma san abin da ya bari, ya zaɓa da idonsa a buɗe. Mawaƙanmu da suka ajiye tulu da caki da kuge suka rungumi piyano, wa ya taɓa zama da su ya tambaye su abin da suka samu da abin da suka rasa?

Misali na biyu ya shafi ekklesiya kai tsaye. A shekarar 1947 'yan mishan na Katolika suka buɗe wurin aikin hannu a Oye-Ekiti cikin ƙasar Yarabawa, ƙarƙashin kulawar Fada Kevin Carroll da Fada Sean O'Mahoney. Nufinsu shi ne a samu kayan majami'a waɗanda hannun 'yan ƙasa ya yi, da kamannin 'yan ƙasa, maimakon a riƙa shigo da kome daga Turai. Fada Carroll bai ɗauki gizago ya ce zai koya wa Bayarabe sassaƙa ba. Ya nemo waɗanda suka gāji sana'ar, musamman George Bandele, ɗan shahararren masassaƙin nan Areogun. Aikin Fada shi ne ya kawo aiki, ya bayyana labarin da ake so a sassaƙa, ya duba abin da aka yi, ya biya lada. A wurin nan ne wani saurayi Musulmi daga Ila Orangun, Lamidi Fakeye, ya shiga hannun Bandele ya yi shekaru yana koyo, ko da yake shi ma daga gidan masassaƙa ya fito. Daga baya Lamidi ya zama ɗaya daga cikin manyan masassaƙan Afirka, ya sassaƙa ƙofofi da ginshiƙai da yawa, ya kuma koyar a jami'ar Ife. Ya rasu a shekarar 2009.

Wurin bai daɗe ba, an rufe shi a shekarar 1954. Cikin dalilan akwai ƙorafin wasu shugabanni da wasu masu bi, waɗanda suka ga sassaƙar ta yi kama da ta gumakan da suka baro. Ba na raina tsoronsu, domin wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Amma darasin a fili yake: ba ɗan koyo kaɗai ke bukatar a wayar masa da kai ba, masu kallo da masu sauraro su ma suna bukata. Ekklesiyar da ba ta san yadda ake auna aikin fasaha ba, ko dai ta yabi kome, ko ta tsorata da kome. Dukan biyun suna kashe mai baiwa.

Misali na uku a nan gida ya faru, a Zariya. A shekarar 1958 wasu ɗalibai masu koyon zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962 suka kafa ƙungiyarsu. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Malamansu yawanci Turawa ne, abin da ake koya musu kuma tsarin makarantun Ingila ne. Ɗaliban nan ba su ƙi shiga aji ba, sun koyi duk abin da aka koya musu. Amma bayan an tashi sai su taru su yi ta muhawara: wannan zane da muke yi, na wane ne? Me ya sa babu fasahar kakanninmu a cikin darasi? Lokacin hutu kowa ya koma garinsu ya bincika abin da ke can. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya. Bruce Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Suka ce a haɗa dabarar da aka koya a makaranta da abin da aka gada a gida.

Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, amma ka dubi abin da ya fito daga cikinta. Okeke ya je jami'ar Nsukka ya yaye ɗalibai masu yawa. Nwoko ya tsara ginin majami'ar 'yan Dominikan a Ibadan, wadda har yau masu koyon tsara gini suke zuwa kallo. Onobrakpeya ya zana tashoshin hanyar gicciye da mutane cikin suturar ƙasar nan, daga shekarar 1998 kuma ya fara tara masu fasaha lokacin hunturu a garinsu Agbarha-Otor, manya da yara suna aiki tare, suna duba aikin juna. Wanda aka gyara shi ne ya san darajar gyara wani.

In muka haɗa misalan nan uku, za mu ga abu uku da ɗan koyo yake bukata. Yana bukatar gwanin da zai zauna kusa da shi ya ga yadda hannu ke tafiya. Yana bukatar wanda zai ba shi aiki na gaske, ya duba, ya biya. Yana kuma bukatar abokan da za su yi masa tambaya mai wuya, shi ma ya koyi yi wa kansa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Makaɗan Hausa na dā ba su taɓa tashi rana ɗaya suka zama shugabannin ƙungiya ba, sai sun yi shekaru suna amshi a bayan wani. Maƙeri yakan fara da zuga, masaƙi yakan fara da wadari. Abin da ya ɓace mana ke nan tun da situdiyo ta yi arha, yaro yana iya shiga da safe ya fito da waƙa da yamma, ba wanda ya ji ta kafin duniya ta ji.

Na san akwai masu cewa, ai aikin Ubangiji ne, zuciya yake dubawa, ba gwaninta ba. Gaskiya ne zuciya ce a gaba. Amma Littafi Mai Tsarki bai taɓa mai da wannan ya zama hujjar yin aiki sakaka ba. A Littafin Fitowa, sura 35, an nuna mana cewa Bezalel da Oholiyab, waɗanda aka danƙa wa aikin alfarwa, an ba su gwaninta, an kuma ba su iyawar koya wa waɗansu. A Littafin Tarihi na Fari, sura 25, an lasafta horarrun mawaƙa 288, aka kuma ambaci malami da ɗan koyo tare wajen rabon aiki. Ashe ko a Haikali akwai mai koyarwa da mai koyo. Wanda ya kawo wa Allah aikin da bai sha wahala a kai ba, alhali yana da halin gyarawa, kada ya fake da zuciya.

Wasu kuma za su ce gyara yana karya wa yaro gwiwa, har ya bar majami'a. Wannan ya faru, ba sau ɗaya ba. Amma in ka bincika za ka tarar ba gyara aka yi masa ba, kunyata shi aka yi. Akwai shugaban mawaƙan da zai tsawata wa yarinya a gaban mutane don ta kauce wa murya, bai kuwa nuna mata yadda za ta kama ba. Wannan huce haushi ne. Ka tuna yadda Bilkisu da Akila suka yi da Afolos cikin Ayyukan Manzanni sura 18: mutum ne mai iya magana, suka ga akwai abin da ya rage masa, suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani. Mai gyara na kirki yakan fara da abin da ya yi kyau, ya faɗe shi dalla-dalla don yaron ya san abin da zai riƙe. Sa'an nan ya nuna wuri ɗaya ko biyu da suke bukatar aiki, ya faɗi dalili, ya bar yaron ya gyara da hannunsa. Ba ya mai da ɗan koyo ya zama hotonsa, domin kama da wane ba ta wane.

Bari in ba da misalin irin gyaran da nake nufi. Hausa harshe ne mai karin sauti, tsawon wasali kuma yana sauya ma'ana. Garin da ake zama cikinsa dabam yake da garin da ake tuƙa tuwo da shi, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. Mai waƙar da ya ɗauko karin wata waƙar Turanci ya cusa mata kalmomin Hausa, sau da yawa yakan ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, ya ɗaga wadda ya kamata ta sauka, har tsohuwa a majami'a ta kasa gane abin da yake faɗa. Matan zumunta ba safai suke faɗawa cikin wannan rami ba, domin waƙarsu daga bakin magana take fitowa. Wanda ya san wannan zai iya nuna wa yaro cikin minti goma, ya amfane shi har tsufansa. Amma sai an samu wanda ya sani, an kuma ba shi dama ya faɗa.

Akwai ƙorafi na uku, daga bakin matasan kansu yake fitowa, ya kuma kamata mu saurare shi. Suna cewa in ka shiga hannun babba sai ya mai da kai ɗan aike, kana ɗaukar masa kaya shekara da shekaru, bai koya maka kome ba. Wani ma ya karɓi waƙarka ya fitar da sunansa. Wannan zalunci ne, ko a cikin majami'a aka yi shi. Maganinsa shi ne a yi abin a fili. In za a ba da yaro koyo, a zauna da iyayensa da dattijo ɗaya, a faɗi abin da za a koya masa, da tsawon lokacin, da ranar da za a yaye shi. Haka teloli da kanikawa suke yi, ba a kuwa ce sun rasa amana ba.

Wannan ya kawo mu ga zancen da ba mu cika son yi ba, wato zancen kuɗi. Horon da ya tsaya ga murya da hannu kawai, rabin horo ne. Dole a koya wa mai fasaha yadda zai lasafta abin da ya kashe kafin ya yanka farashi, yadda zai karɓi kafin alƙalami, yadda zai rubuta yarjejeniya da mai situdiyo ko mai shirya taro, da yadda zai ajiye shaidar cewa aikin nasa ne. Ƙasar nan tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2022, wadda aka sa wa hannu a shekarar 2023, tana kuwa kāre mai waƙa da mai zane da marubuci. Amma dokar da mutum bai san da ita ba, ba za ta tsaya masa ba. Mu kuma ekklesiya mu duba kanmu. Muna biyan birkila da kafinta in sun yi mana gini, ba ma ce musu aikin Ubangiji ne. Don me sai mai zanen allon taro da mai kiɗan biki ne za a sallama da godiya da kwalbar lemo? In ya ga dama ya ba da aikinsa baiko, wannan tsakaninsa da Allah ne. Amma kada mu mai da baikon dole.

To, me za a yi? Ba sai an jira tallafi daga ƙasashen waje ba. Kowace gunduma tana da tsofaffin malaman waƙa, da malaman zane da suka yi ritaya daga makarantun sakandare, da matan da suka shekara talatin suna tsara waƙoƙin zumunta. A rubuta sunayensu, a haɗa kowannensu da yara biyu ko uku na tsawon shekara guda. A keɓe yamma ɗaya a wata, masu waƙa da masu zane da masu wasan kwaikwayo su kawo aikin da ba su gama ba, a yi masa tankaɗe da rairaya cikin ƙauna, kowa ya faɗi dalilin maganarsa. A riƙa fitar da su su ga aikin waɗansu, gama gani ya kori ji. Gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a shekarar 1952, yana da kawunan yumɓu na Nok da aka gina fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, garin Nok ɗin kuwa yana nan kudancin jihar Kaduna. Yaranmu nawa ne masu son zane suka taɓa tsayawa a gabansu? Wanda kuma aka ga zai iya, a taimake shi ya shiga makarantar da ake koyar da fasahar sosai, kamar yadda muke taimakon masu zuwa makarantar tauhidi.

Iyayenmu da yayyenmu waɗanda Allah ya ba gwaninta, kada ku tafi kabari da ita. Ku buɗe hannu, ku yi haƙuri da yaran, ku faɗa musu gaskiya ko da tana da ɗaci. Ku kuma ƙannenmu, ku daina gudun wanda yake gyara ku kuna bin mai tafa muku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In wani ya ɓata lokacinsa ya saurari waƙarka har ƙarshe, ya nuna maka inda ta yi rauni, ka riƙe shi da hannu biyu, domin ya fi ƙaunarka da mutum ɗari da suka ce ta yi daɗi suka wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, baiwa kuma amana ce da za a tambaye mu yadda muka yi da ita, mai ita da waɗanda aka ba renonta.

Allah ya ba manyanmu zuciyar koyarwa, ya ba yaranmu kunnen ji. Amin.